Tsinkayen Cinyar Talotalo: Tambayoyi da Amsoshi Kan Kolajin da Ƙashin Tsuntsaye

Duk ƙarshen shekara, idan kasuwar talotalo ta buɗe a Kaduna, masu saye suka fara tahowa daga Barnawa da Sabon Tasha da Kakuri, akwai ƙorafin da ba na rasa ji: "Malam, naman ya yi daɗi, amma cinyar cike take da tsinke." Masu kiwo kuma nasu kukan daban ne. Wannan buroilarsa ta kai mako biyar ta kasa tashi, wancan kazarsa mai ƙwai ta kwanta a keji, wata Hajiya kuma ƙafar ɗan talotalonta ta karkace waje. Duk waɗannan uwarsu ɗaya ubansu ɗaya, domin suna komawa ne ga yadda kolajin da ma'adini ke haɗuwa a jikin tsuntsu. Na tattara tambayoyin da aka fi yi mini a wurin kiwona da ke Rigasa, ga kuma amsoshin.

Mene ne kolajin, kuma a ina yake a jikin tsuntsu?

Duk wanda ya taɓa cin ganda ya ci kolajin. Furotin ne mai zare-zare, shi ne ya riƙe fata da guringuntsi da jijiya da ƙashi. Sunan ya samo asali ne daga kalmar Girkanci mai ma'anar gam, saboda tun zamanin da ana dafa fata da ƙashi a samu abin manna katako.

Kafin mu yi nisa, Hausa na kiran abu uku da sunan jijiya: ta jini, da wadda ke kai saƙo ƙwaƙwalwa, da wadda ke ɗaure tsoka da ƙashi, irin su agara. A wannan shafin ta ukun nake nufi.

Ƙirar kolajin kamar igiyar rama ce mai tufka uku. Kowane sili yana ɗauke da tubalan furotin kusan 1,000, kuma kowane na uku a jerin shi ne gilaisin, mafi ƙanƙanta a cikinsu, shi ya sa tufkar ke matsewa tamau. Tsawon igiya ɗaya nanomita 300 ne, kaurinta ɗaya da rabi. Nanomita kuwa shi ne ka raba milimita ɗaya gida miliyan. Masana kimiyya G. N. Ramachandran da Gopinath Kartha ne suka fara zana wannan tufka mai uku a birnin Madaras na Indiya a 1954. Kolajin iri 28 aka sani, amma uku ne suka shafe mu a nan: na 1 a ƙashi da jijiya, na 2 a guringuntsi, da na 10 da ke fitowa a daidai inda guringuntsi zai koma ƙashi.

Ni dai na san ƙashi kalshiyam ne. Ina kolajin ya shigo?

Maginin ƙasa ba ya kwaɓa jar ƙasa zalla ya ɗora katanga. Sai ya zuba ramno, ya tattake, domin ciyawar ce ke hana ginin tsagewa. Kolajin ne ramnon ƙashi. Kusan kashi biyu cikin uku na nauyin ƙashi ma'adini ne, wato gishirin kalshiyam da fosfet da ake kira afatayit. Saura ruwa ne da furotin, kuma kashi 90 cikin 100 na furotin ɗin kolajin ne iri na 1.

Za ka iya gani da idonka a gida. Ɗauki ƙashin cinyar kaza guda biyu. Jiƙa ɗaya cikin ruwan khal, ka riƙa canja ruwan, ka bar shi kamar mako guda. Tsamin zai narkar da ma'adinin, ƙashin ya riƙe siffarsa amma ya riƙa lanƙwasuwa kamar roba. Ɗayan kuma jefa shi cikin garwashi har ya yi fari. Wuta ta cinye kolajin ke nan, kuma idan ka matsa shi da yatsa biyu zai ruguje kamar alli. Yarana sun fi son na khal ɗin, har ƙulla shi suke ƙoƙarin yi.

Ta yaya ake gina ƙashin tun cikin ƙwai?

Ɗan tsako kwana 21 yake yi a ƙwai, ɗan talotalo 28. Ƙasusuwan ƙafa da fiffike ba sa fara fitowa a matsayin ƙashi. Guringuntsi ne ke fara zana siffarsu da kolajin iri na 2. Daga nan ƙwayoyin halittar da ke tsakiyar guringuntsin su kumbura, su fara fitar da kolajin iri na 10, wanda a guringuntsin 'yan tsaki aka fara gano shi. Sai hanyoyin jini su kutsa, su shigo da ƙwayoyin da nake kira magina. Maginan su shimfiɗa kolajin iri na 1, mai laushi, kamar ɗanyen gini, sai bayan kwanaki ma'adini ya sauka a kansa ya taurare.

Kalshiyam ɗin kuma daga ina, alhali ƙwai a rufe yake? Kusan kashi 80 cikin 100 daga ɓawon ƙwan ɗan tsakon ke zuƙo shi. Shi ya sa ɓawon da aka ƙyanƙyashe ya fi na sabon ƙwai saurin murƙushewa.

Bayan ƙyanƙyasa aikin yana ci gaba a bakin dogayen ƙasusuwa, inda wani faifan guringuntsi ke ƙara tsawo yana komawa ƙashi. Akwai kuma wasu ƙwayoyin, marusa, da ke cinye tsohon ƙashi don magina su sabunta. A jiki tufka da warwara ba ɓarna ba ce, haka aikin yake tafiya har mutuwa.

A ina ainihin ma'adinin ke zama a jikin zaren?

Wannan ce tambayar da na fi so, kuma ɗalibai ne suka fi yi mini ita, musamman masu zuwa koyon aiki daga kwalejin noma ta Mando.

Igiyoyin kolajin ba sa jeruwa kai da kai. Kowace tana gocewa daga maƙwabciyarta da nanomita 67, kamar yadda magini ke goce bulo kada layin tsaye ya haɗu. Kuma tsakanin wutsiyar igiya ɗaya da kan mai bi mata akwai giɓi na kusan nanomita 40. Masana Hodge da Petruska ne suka bayyana wannan tsari a 1963. Idan aka duba zaren da na'urar hangen ƙananan abubuwa mai aiki da lantarki, sai a ga ratsi-ratsi, fari da baƙi, a jere kamar saƙi.

Waɗannan giɓoɓi su ne masaukin farko na ma'adini. Afatayit na fara fitowa a cikinsu a matsayin 'yan falle-falle masu sirantaka, kaurinsu nanomita kaɗan, kuma duk suna fuskantar inda zaren ya fuskanta. Daga nan su girma, su bazu cikin zaren da kewayensa, suna korar ruwan da ke wurin. Kafin wannan, ƙwayoyin halitta kan saki wasu 'yan jakunkuna ƙanana da ke tara kalshiyam da fosfet, su zama kamar irin shuka. Ma'anar wannan ga mai kiwo ita ce kalshiyam ba ya zaɓar wa kansa wurin zama. Idan zaren bai ƙullu daidai ba, ko buhu nawa aka zuba a abinci, ƙashi mai ƙwari ba zai samu ba.

To tsinkayen nan na cinyar talotalo, ƙashi ne ko jijiya?

Jijiya ce da ta sha ma'adini. Abin da muke kira cinya a faranti, wato sashen da ake riƙewa a ci, ƙaurin tsuntsu ne a haƙiƙa, kuma gwiwar da muke gani tana lanƙwasa baya idon sawunsa ne. Tsokokin da ke motsa yatsu suna can sama a ƙaurin, suna aika dogayen jijiyoyi zuwa ƙasa kamar linzami.

A ɗan talotalo waɗannan jijiyoyi farare ne masu laushi, kamar na kowace dabba. Idan ya kai wajen mako 12, sai su fara taurarewa daga ƙasa, kusa da gaɓa, taurin yana hawa sama cikin tsoka mako bayan mako. Talotalon da ya kai wata shida, irin wanda ake kaiwa kasuwa a Disamba, ya riga ya gama. Idan ka zaro ɗaya daga dafaffiyar cinya ka ɗaga shi a haske, za ka ga shafal yake kamar tsinken tsire da aka fere, launinsa kamar ƙaho, ƙarshensa na sama ya baje kamar tsintsiya inda ya shige tsoka. Lanƙwasa shi, sai ya tsage ta tsawo, ba ya karyewa ta tsakiya kamar ƙashi, domin zaren duk hanya ɗaya suka bi.

Kolajin ɗin iri na 1 ne, ma'adinin ma afatayit ne, daidai da na ƙashi. A tsuntsun da ya manyanta, hanyoyin jini da marusa kan shiga wasu sassan su sake ginin, har ya koma kamar ƙashi sosai. Tsohon zakara ma yana da irin wannan a ƙafarsa. Buroila ce ba ta kai shekarun ba, ana yanka ta tun tana mako shida ko bakwai.

Ciwo ne? Ko abincin da na ba shi ne ya jawo?

A'a. Halittarsa ce, kuma rage kalshiyam ba zai hana ba, sai dai ya lalata ƙashin. Abin lura shi ne sashen jijiyar da ke zagaya gaɓa ba ya taurarewa, yana nan da laushinsa don ƙafa ta lanƙwasu. Miƙaƙƙen sashen ne ke shan ma'adini. Jijiya mai tauri ba ta miƙewa da yawa, don haka abin da tsoka ta ja yana isa yatsu kai tsaye, kuma wannan na da amfani ga tsuntsu mai nauyi da ke wuni yana tafiya da tono a ƙasa.

Me ya sa jijiyar rago ko ta mutum ba ta yin haka, tunda kolajin ɗin ɗaya ne?

Saboda akwai masu gadi. Ruwan jiki yana ɗauke da kalshiyam da fosfet da yawa, da an sake su da sun daskare ko'ina akwai kolajin, har a fata da hanyoyin jini. Jiki na hana wannan da wasu sinadarai, babbansu shi ne fairofosfet, wanda ke manne wa ƙwayar ma'adini ya hana ta girma. A ƙashi, magina na fitar da wani inzayim, wato furotin mai hanzarta aikin sinadarai a jiki, mai suna alkalin fosfates, da ke sare wannan mai gadin. Inda kolajin iri na 1 da wannan inzayim suka haɗu, ma'adini zai sauka. A ƙafar talotalo, ƙwayoyin jijiyar ne da kansu ke canja hali idan lokaci ya yi, su fara aiki irin na magina. A mutum kuwa, idan kalshiyam ya taru a jijiyar kafaɗa, ciwo ne mai hana barci, sai an je asibiti.

Na ji an ce masana kimiyya na bincike da ƙafar talotalo. Me suke nema?

A ƙashi zaren kolajin a harɗe suke, sun bi ta ko'ina, ga wuyar bibiya. A jijiyar talotalo kuwa a miƙe suke, kuma a jijiya ɗaya za ka samu inda bai fara tauri ba, da inda ya fara, da inda ya gama. Kamar ka samu gini ɗaya da ke nuna maka harsashi da linta da rufi a lokaci guda. Da yawa daga abin da aka sani kan yadda ma'adini ke shiga giɓin nan na zare, daga nan aka gano shi, kuma William Landis na Amurka na cikin waɗanda suka daɗe a kan wannan aiki.

Masu nazarin gudu ma sun ci moriyarta. A 1997 Thomas Roberts da abokan aikinsa sun manna 'yan na'urorin auna ƙarfi a kan jijiyar da ta taurare, suka sa talotalo gudu a kan injin motsa jiki. Sun gano cewa a gudu kan shimfiɗaɗɗen wuri tsokar ba ta wani gajarcewa sosai, riƙewa take yi, sassan jijiya masu laushi kuma su miƙe su dawo kamar danƙon harbi.

Malam, buroilolina sun kasa tashi. Na ƙara garin ƙashi da laimiston, ban ga canji ba. Ina matsalar take?

Wannan ita ce tambayar da ke cin kuɗin mutane. Buroila na haura kilo biyu cikin mako shida, nama na gudu ƙashi na binsa a baya. Kalshiyam ɗaya ne kawai daga cikin abubuwan da ake buƙata, kuma idan ya yi yawa yana kama fosfaras da manganis da zinki a hanji ya hana su shiga jiki. Tsuntsu mai girma yana son kalshiyam kusan kashi 1 cikin 100 na abinci, da fosfaras mai narkewa kusan rabin haka. Fosfaras ɗin masara da waken suya yawancinsa a ɗaure yake, kaza ba ta iya cin moriyarsa sai an sa inzayim faites a abincin.

Sai bitamin D3. In babu shi, hanji ba ya zuƙar kalshiyam yadda ya kamata, magina su yi ta shimfiɗa kolajin ma'adini bai sauka ba. Alamarsa a bayyane take: baki da ƙashin ƙirji su yi laushi, ka lanƙwasa ƙafa ta bi ka kamar wadda aka jiƙa a khal. Kajin Hausa da ke yawo a rana jikinsu na haɗa nasu, amma na cikin ɗaki mai rufin kwano sai abin da firimis, wato haɗin bitamin da ma'adinai da ake zubawa a abinci, ya ba su.

Akwai kuma matsalar da guringuntsin bakin ƙashi ke ƙin komawa ƙashi. Idan wata ta mutu, tsaga saman ƙashin cinyarta ta tsawo da wuƙa mai kaifi. Idan ka ga farin dunƙule mai tauri ya cusa cikin ƙashin inda ya kamata a ga ja, to ita ce. Masana Leach da Nesheim ne suka bayyana ta a 1965, kuma saurin girma da rashin daidaiton kalshiyam da fosfaras na cikin masu jawo ta.

Jan ƙarfe ma, ɗan kaɗan ake buƙata amma ba a yi sai da shi, domin inzayim ɗin da ke ƙulla igiyoyin kolajin da juna da shi yake aiki. Rashinsa na sa ƙashi ya yi gautsi, a talotalo har babbar hanyar jini kan fashe. Masara ko ƙuli-ƙuli mai fumfuna ma na raunana ƙashi. Idan abin ya yi yawa a garke, a kira likitan dabbobi ya fede ɗaya ya duba, domin akwai cututtukan gaɓa da ke kama da waɗannan, kuma maganinsu daban ne.

Ƙafar ɗan talotalona ta juya waje, yana ja da ita. Karaya ce?

Sau da yawa agara ce ta goce. Tana bi ne ta cikin wani kwari a bayan gaɓa, kuma idan aka rasa manganis, ko kolin, ko bayotin, guringuntsin wurin ba ya ginuwa daidai, kwarin ya baje, agarar ta zame gefe. Taɓa bayan gaɓar, za ka ji ta kumbura ta yi faɗi, igiyar kuma tana gefe ɗaya.

Ni ma na taɓa faɗawa. Wata shekara da abinci ya yi tsada, na ba 'yan talotalona abincin buroila, na kuma rage firimis rabi da hannuna, ina ganin na yi dabara. Alhali ɗan talotalo furotin kashi 28 cikin 100 yake so a makonnin farko, kuma buƙatarsa ta bitamin ta fi ta kaza. Kafin su kai wata biyu, bakwai cikin talatin suna jan ƙafa. Araha ba ta ado. Na gyara abincin, sauran suka tsira, amma waɗanda agararsu ta riga ta goce ba su miƙe ba.

Kaza mai ƙwai fa, me ya sa takan kwanta ko ƙashinta ya karye?

Ɓawon ƙwai ɗaya na cin kalshiyam kusan giram biyu, kuma ginin ɓawon na ɗaukar kusan awa 20, yawancinsa da dare lokacin da kaza ba ta cin abinci. Don haka Allah Ya hore mata rumbu. Kusan mako biyu kafin ƙwan fari, wani ƙashi na musamman mai kama da soso yana fitowa a cikin ramin ɓargon ƙafafunta. Kolajin ɗinsa kaɗan ne, a hargitse yake, ba don ɗaukar nauyi aka yi shi ba, don a ɗiba da dare a mayar da rana ne. A tattabara aka fara ganinsa a 1934, kuma a 2005 Mary Schweitzer ta same shi a ƙashin wani dainoso, tiranosoros, da aka tono a jihar Montana ta Amurka, aka gane mace ce mai shirin ƙwai.

Matsalar ita ce muddin kaza na saka ƙwai, magina sun daina gina ƙashi mai ɗaukar nauyi, marusa kuwa ba su daina ci ba. Idan rumbun bai isa ba, sai a shiga cin katangar gida. Shi ya sa leyas, wato kajin ƙwai, Shika Brown ɗinmu ta cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI ce ko wata, ke son kalshiyam kusan kashi 4 cikin 100, kuma ya fi kyau wani kaso ya zama tsakuwar laimiston ko ɓawon oyista mai ɗan girma, a ba su da yamma, don ya daɗe a ƙundu yana narkewa cikin dare. Amma kada a ba 'yan tsaki wannan abincin, yana kashe musu ƙoda.

Bitamin C da ake sa wa a ruwa lokacin zafi, yana da alaƙa da wannan?

Yana da ita. Tufkar kolajin ba ta ƙulluwa da kyau sai da bitamin C. Kaza na haɗa nata a ƙoda, saɓanin mutum, amma a zafin Maris da Afrilu abin da take haɗawa kan gaza. Hakin da take yi a zafi ma na canja jininta, ɓawon ƙwai ya yi sirara.

Romon ƙafar kaza yana gyara wa mutum gwiwa?

Idan aka daɗe ana dafa kolajin cikin ruwa, tufkar na warwarewa ya koma jelatin, shi ne romon da ke daskarewa idan farfesu ya huce. Tsohuwar kaza ta fi cin itace saboda ƙullin igiyoyinta sun ƙaru da shekaru. Abinci ne mai kyau, Hajiya, a sha. Sai dai ciki narkar da shi yake yi ya farfasa, kamar kowane furotin, jiki kuma ya raba inda ya ga dama. Ba ya tafiya gwiwa kai tsaye.

Ta yaya zan rabu da tsinkayen kafin dafuwa?

Dafuwa ba ta narkar da su, ko tukunyar ta kwana a wuta, saboda ma'adini ba ya jin tafasa. Cire su ake yi tun ɗanye. Ka gaya wa mai gyaran kaji kada ya datse ƙafar. A zagaye fatar da wuƙa ƙasa da gaɓa kaɗan ba tare da an yanke jijiyoyin ba, a karya ƙashin wurin, a maƙala ƙafar a ƙugiya ko ƙusa mai ƙwari, a riƙe cinyar da hannu biyu a ja da ƙarfi. Jijiyoyin za su biyo ƙafar su fito a dunƙule.

Idan an riga an datse, duba bakin cinyar ta ƙasa, za ka ga kawunansu farare sun leƙo kewaye da ƙashin. Kama kowanne da filaya, ka danne naman da ɗaya hannun, ka zare ɗaya bayan ɗaya. Ka riƙe cinyar da tsumma don santsi, kuma ya fi sauƙi idan naman bai shiga firiza ba tukuna.